Ɗan Rumbun Tsuntsaye a Gonar Sammani

Sammani ne ya fasa shi, Dalhatu kuma shi ya miƙa masa taɓarya. Ko da hannun Dalhatu bai taɓa icen ba, shi ya miƙa. Wanda duk zai ce ba haka aka yi ba, ya zo garin Isa, ya tambayi gidan Hajjo maginiya, ya tsaya gabanta ya maimaita in yana da baki.

Da hantsi aka kawo buhun. Hajjo na zaune tsakar gida ta miƙe ƙafa, tana murza bakin wata randa da ɗan tsumma, sai direban motar Sabon Birni ya yi sallama daga zaure. Ya ce saƙo ne daga Malam Sammani, mahaifin Kamaluddeen, yaron da aka tsayar da maganar aurensa da jikarta Ikramu, biki sai bayan an gama kaka.

"To, shigo da shi mana. Cizo ni ka yi?"

Bai shigo ba. Ya dire buhun a bakin ƙofa, buhun ya yi wata ƙara da duk maginiya ta sani, ƙarar abin da ba ya gyaruwa.

"Inna, ni ɗan aike na. Cewa yay yi maganar aure ta mutu. A haɗa kayan gaisuwar da anka kawo a maida mai. Wanga kuma, yac ce naku na, ku riƙe abinku."

Kafin ta dafa ƙasa ta miƙe, ya yi gaba. Ko ruwa bai tsaya sha ba.

Ta kwance bakin buhun ta zura hannu. Ba sai ta duba ba. Yatsunta sun gaya mata aikin waye, don duk faɗin Isa mutum ɗaya ke fitar da yumɓu mai santsi haka, mai sanyi a hannu kamar dutsen gulbi.

Ikramu marainiya ce, a hannun Hajjo ta tashi, cikin yumɓu ta yi rarrafe. Da ta girma aka kai matasan mata Sakkwato koyon sana'a har da ita, ta dawo da wani sabon salo. Ta gina murhu na bulo mai rufi a bayan gida, tana ba shi wuta har ya fi ƙarfin tsayuwa kusa. Tana shafe kayan da ruwan toka da lallausan yumɓu kafin gashi, su fito suna sheƙi, in ka ƙwanƙwasa su amsa kamar ƙarfe. Ruwan sama ba ya cin su, rana ba ta tsaga su.

Kuma ba tulu take ginawa ba, ba randa ba. Ɗan rumbu take yi, wanda bai fi a rungume shi da hannu ɗaya ba. Ciki zagaye, bisa hula mai tsini kamar ta rumbun gaske, jiki da 'yan tagogi, ƙasa da leɓe inda tsuntsu zai dafe. A zuba tsaki ko gero, a rataye a reshe. Masu manyan gidaje a Sakkwato, waɗanda ke da lambun furanni, su ke saye, wai su zauna da yamma su kalli kurciyoyi na ci.

Ranar da Hajjo ta fara gani sai da ta riƙe haɓa.

"Mutane ba su ƙoshi ba, tsuntsu a ka yi wa rumbu? Lalle duniya ta tsuhwa ta bar ni."

Amma daga baya ita ke kai baƙi bayan gida tana nuna musu murhun, tana cewa jikata ce, ni na koya mata riƙon yumɓu.

Wannan da ke cikin buhu shi ne mafi kyau da yarinyar ta taɓa fitarwa. Kore ne shar, kuma ta danna awarwaronta a wuyansa tun yana ɗanye, zanen ya zagaye shi. Wani mai otal ya nema ta ce ba na sayarwa ba ne. Kamaluddeen ta ba.

Ba faɗuwa ya yi ba. Abin da ya faɗo gida biyu yake rabewa, ko uku. Wannan daka shi aka yi.

"Inna, mi anka kawo?"

Ikramu ce tsaye a ƙofar ɗaki, hannunta duk yumɓu. Hajjo ta yi ƙoƙarin tattare bakin buhun, amma wani ɗan tsingaro ya riga ya gangaro ƙasa, kore, da zanen awarwaro a jikinsa.

Yarinyar ta durƙusa ta ɗauka. Ta juya shi, ta sake juyawa. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi ihu da ya fi wa Hajjo sauƙi.

"Shi yab aiko?"

"Ubanshi."

"Shi hwa? Mi yac ce?"

"Ina ni san mi yac ce? Aljana ce ni?"

Sai hawayen suka zo, ba ƙara, suna sauka kan yumɓun hannunta suna yin layi.

"Inna, mi niy yi musu? Ran da ƙannenshi sunka zo, ni nid dama musu hura. Babanshi da kainai yac ce Allah shi yi mani albarka. Ko don mu magina na? Ai sun san mu magina na tun ba yau ba."

"Tashi daga ƙasa."

"Da ban ba shi ba. Da na ba shi hula, ko turare, irin na kowa. Ni ce da son a ce na iya."

"Na ce tashi! Kin yi sata? Kin bi maza? Abin da hannunki ya iya kika ba wanda kike so. In laihi na, ni ta hwarkon mai laihi, don kakanki ma da tulu nis saye shi, kuma bai taɓa kuka da cinikin ba."

Ikramu ta yi wata 'yar dariya da ta koma kuka. Hajjo ta janyo kanta ta ɗora a cinya, tana bubbuga bayanta da ƙarfi kamar mai bugun yumɓu. Ita ba ta iya lallashi da taushi ba. Ba ta taɓa iyawa ba.

Ba a daɗe ba aka sake sallama.

Dalhatu ne, dillalin da ke ɗaukar kayan Ikramu ya kai Sakkwato. Mutumin Sabon Birni ne, mai ƙoshin lafiya da son turare. Ya daɗe yana neman yarinyar, ta ce masa a tsaya kan ciniki. Ya shigo zaure da ƙullin goro da shadda mai sitaci, ya tsuguna ya sunkuyar da kai kamar mai ta'aziyya.

"Inna, na ji abin da ya hwaru. Wallahi raina ya ɓaci."

"Ka ji da wuri."

"Ai gari ya ɗauka. Kin san tsuntsayen ga jan baki sun sauka gonakin bakin gari, sun cinye geron mutane. To sai anka iske rumbun ga rataye cikin gonar Malam Sammani. Mutane kuwa, kin san bakinsu. Wai asiri na. Wai yumɓunku kiran tsuntsu shi ka yi."

Hajjo ta dube shi sama da ƙasa.

"Ni dai ban damu da abin da a ka cewa ba," ya ci gaba, yana gyara hula. "Yanzu ko wane gida Sabon Birni tsoron ta za a yi. Amma ni, in an ba ni, ko gobe. In ruhe mata asiri."

"Wace mota ta kawo ka?"

"Na'am?"

"Kunnenka ƙalau. Wace mota?"

"Ta sahe."

"Mota guda ka tasowa da sahe. Kenan kai da buhun ga kunka zo, kuna gogayyar kahwaɗa. Ko kai kar riƙe shi kada shi zube?"

"Haba, Inna."

"Ɗau goronka. Haƙorana sun ƙare, kuma jikata ba ta da asirin da za a ruhe. Tashi, ƙamshin ga naka na sa ni tari."

Ya fita yana murmushin da bai kai ido ba.

Washegari da safe aka ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Ikramu na jin ƙarar ta saki ludayin da ke hannunta, duk da ba babur ɗin Kamaluddeen ba ne. Ubansa ya karɓe makullin nasa, wannan na aro ne.

Kamaluddeen ɗan kabu-kabu ne, da damina kuma yana gona tare da ubansa. Dogo ne mai yawan shiru. Mahaifiyarsa marigayiya Fatimatu 'yar Isa ce, wajen zuwa gaida kawunnansa ya fara ganin Ikramu tana jera kaya a rana. Da can in ya zo, Hajjo kan tare shi da tsiya, tana cewa ga maigidana ya zo hannu rabbana. Yau ba ta yi wasa ba.

Ya zube a zaure. Idanunsa sun yi ja, leɓensa ya bushe. Ikramu ta tsaya bayan labulen kara, ana ganin yatsun ƙafarta kawai.

"Inna, ni na jawo. Ku yi mani duk abin da kunka ga dama."

"Za ni yi, kada ka damu. Hwara ba ni labari. Mi ya kai shi gona?"

Ya sunkuyar da kai.

"Kunya."

"Kunyar mi?"

"Da tab ba ni, na kai shi gida. To ina za ni rataye shi? Tsakar gida, Baba shi gani shi tambaye ni wa ya ba ka? Ƙannena su sa ni gaba da waƙa? Na ɓoye shi ƙarƙashin gado, sai na ga ba a yi shi don duhu ba. Akwai wani gawo bakin gonarmu, nan mahaihiyata ka zama in ta kawo muna abinci, tana watsa wa kurciyoyi tsaki. Sai na ce bari in kai shi can. In na gaji da aiki in zauna in dube shi."

"Da gero ciki?"

"Ɗan kaɗan ni ka zubawa."

Hajjo ta tafa hannu, ta sake tafawa.

"Jama'a ku zo ku ga ɗan manomi! Gero ya yi ido, gari duka an hito da gwangwani da majaujawa ana korar tsuntsu, tsohuwa da yaro murya ta dishe, kai kuwa kana can kana yi musu walima. Wa ya haihe ka, don Allah?"

"Kurciyoyi ɗai ka zuwa, Inna, wallahi. Jan bakin daga gabas sunka taso, awa hadari. Kowa ya gani. Ba su ma bi ta kan gawon ba."

"To wa ya kai mutane gindinshi?"

Ya kau da kai. Daga bayan labule muryar Ikramu ta fito, tana rawa.

"Hwaɗa mata, Kamalu."

"Dalhatu na. Ya taɓa iske ni can ina zuba gero, har yay yi mani dariya. Ran da abin ya hwaru, mutane na tsaye cikin gona ana salati, sai ya ja hannun Baba ya kai shi. Yac ce, dubi, rumbu na anka gina anka huda mai ciki, anka rataye maka bisa gona. Yac ce Isa kowa ya san Inna na tohi cikin yumɓu. Wai so a ka yi rumbunmu shi zama wayam, in bar gida in biyo mata."

Hajjo ta dubi hannayenta. Tun tana budurwa take gina abin da mutane ke shan ruwa a ciki. Ba wanda ya taɓa cewa ta tofa wani abu sai bisimilla.

"Kai kuma kana tsaye?"

"Na ce ni na rataye. Na rantse. Baba yac ce ai shi na asirin, an juya mani kai. Ya sa anka kawo taɓarya."

Labulen ya motsa. Ikramu ta fito, ba ta damu da mayafin da ya zame ba.

"Kana kallo yad daka shi?"

"Ikramu, ubana na."

"Na sani. Ban ce ka riƙe hannunshi ba. Tambaya ni kai, kana kallo?"

"Ina kallo." Hawaye suka zubo masa, bai share ba. "Ni na tsince shi daga ƙasa. Ban san aiko muku za a yi ba, na zaci ni za a bar wa."

"Ka san wutar da nib ba shi? Ban runtsa ba sai da yah huce. Ina buɗe murhu ina addu'a kada shi tsage, don na ce wanga na Kamalu na. Da ka ce mani kunya kake ji, da na riƙe maka shi har ran da za ni zo da shi da kaina."

"Ki yahe mani."

"Yahewa mai sauƙi ta. Auren hwa?"

Ya rufe fuska da hannu biyu.

"Ya rantse gaban jama'a, ba ki shiga gidanshi. Yac ce in na sake zuwa Isa, in nemi wani uba."

"Ga ka kuma ka zo."

"Na zo."

"To koma," ta ce, muryarta ta karye. "Ni na san rashin uba. Ba ni so a ce ni na raba ka da naka. Koma, Kamalu, don Allah."

Hajjo ta dube su, wannan na kuka, wancan na kuka, kamar an tara tuluna biyu masu yoyo. Ta shiga ɗaki ta ɗauro zane mai kauri, ta yafa gyale, ta jawo buhun.

"Kai, share majinar ga ka tada babur."

"Ina za mu, Inna?"

"Gidan ubanka. Ko ka manta hanya?"

"Inna, hanyar ga ba ta da tabbas, kin san halin da a ka ciki."

"Wanda duk yat tare ni yau, shi ya jawo wa kainai. Ke kuma, kada ki taɓa kayan gaisuwar ga. Ko tsinke ba ya hita gidan ga sai na dawo."

Tafiyar ba ta yi mata daɗi ba. Kowane rami sai da ƙugunta ya amsa, buhun na ƙara a cinyarta. Suka wuce gonaki na nesa da ciyawa ta cinye, waɗanda ba mai iya zuwa nomansu tun da daji ya lalace. Da suka kusa Sabon Birni sai ta ga na bakin gari. Karan gero tsaye, dogaye, lafiyayyu, amma kowace zangarniya fari fat, an tsotse ta tas. Tsummokara da gwangwanaye na reto a igiya, ba abin da suka tsare.

Ta ƙara rungume buhun a cinyarta.

Sun iske Malam Sammani a ƙofar gida kan tabarma, tare da Malam Is'haƙa limamin unguwa da wasu maƙwabta. Ta katangar gidan ana hango hular rumbunsa an cire an jingine a ƙasa. An share shi an gyara don sabon gero, geron bai zo ba.

Da ya ga ɗansa, fuskarsa ta haɗe. Da ya ga wadda ke saukowa daga bayan babur, sai ya rasa inda zai sa ido.

Hajjo ba ta jira a yi mata shimfiɗa ba. Ta zazzage buhun a gaban tabarmar, ta zauna a ƙasa.

"Sammani, ga saƙonka na maido. Ban iya karatun shi ba, ka karanta mani."

"Inna, da kin aiko an zo. Wagga ba maganar bakin hanya ba ta."

"Bakin hanya kad daka shi, bakin hanya anka kira ni mai asiri. Nan za mu yi ta."

Maƙwabta suka fara gyara zama. Liman ya ce a yi haƙuri, a bi a hankali. Ta ce masa ta gode, hankalin ne ya kawo ta.

"Na ga gonarka," ta ce. "Na gani da idona, kuma wallahi na ji maka. Amma tsuntsun ga ya ci na garin Turba. Can ma ni na rataye? Ya ci na mutanen da ko sunana ba su taɓa ji ba. In ina da asirin da ka kiran jan baki, da ina zaune cikin yumɓu har yau, gwiwa na ciwo?"

Sammani ya dubi ƙasa. Da ya ɗago, ba fushi ta gani a idonsa ba. Gajiya ce.

"Inna, gonakina na daji na bar su. Wagga ɗai ta rage. Awakina na sai da na sa mata taki. Da sahe na bar gero, kahin azahar na iske kara. Ina tsaye ban san ko ina raye ba, sai anka ja ni anka nuna mani rumbu da huda, rataye bisa kaina. Ke manomi ya haihe ki. Ki hwaɗa mani, in ke ce, mi za ki gani?"

Hajjo ta gyaɗa kai. Gaskiya ya faɗa. Ita ma da farko sai da siffar abin ta tsaya mata a rai, rumbu da ƙofofi buɗe.

"Da na ga abin da kag gani," ta ce. "Amma da na kwana, da na tambaya. Wautar ɗanka ta, ba muguntar jikata ba. Ga shi nan tsaye, dogo har sama, kunya ta hana shi rataye kyautar budurwa gidan ubanshi."

Wani daga cikin maƙwabta ya yi dariya ya maida ita tari.

"Ko da hakanan na," in ji Sammani a hankali, "mutanen ga duka sun yi hasara, kuma gidana su ka kallo. In kawo ta, duk abin da ya ɓaci unguwar ga ita za a ce. Hannunku an riga an sa mai suna."

"Hannunmu."

Ta ɗaga hannayenta biyu, busassu, masu tsaga, yumɓu ya zauna ƙarƙashin farce ba ya fita.

"Ina Fatimatu take kwance?"

Ya ɗago da sauri.

"Matarka, uwar yaron ga. Gidan iyayenta ta cika, Isa anka binne ta, kai ma kana wurin. Da anka sa ta, da mi anka ruhe ta kahin a zuba ƙasa? Icce ya yi wuya shekarar nan. Tukwane anka jera mata. Ka tambayi wa ya gina su? Duk rani ni ka gina su in aika maƙabarta, ban taɓa karɓar ko goro ba. Na Fatimatu kuwa da kaina na zaɓa, don na goye ta tana jinjira. Hannun ga da ka ce an sa mai suna, shi ya tsare mata huska daga ƙasa har yau. In da asiri cikin yumɓuna, tashi mu tahi ka tone ka cire."

Ba wanda ya motsa. Kamaluddeen ya juya ya kifa kansa a katanga, kafaɗunsa na rawa. Sammani ya sunkuya. Ya kai hannu ya ɗauki tsingaro ɗaya, yana shafa santsinsa da babban yatsa.

"Na rantse, Inna," ya ce daga ƙarshe, murya ƙasa ƙasa. "Da sunan Allah, gaban mutanen ga."

Hajjo ta juya wajen liman.

"Malam, ni ban yi karatu ba. Wanda ya rantse cikin hushi, ya ga ya yi kuskure, ƙohwa ta ruhe?"

"Ba ta ruhe ba," in ji Malam Is'haƙa. "Shi warware, shi yi kaffara. Shi ciyar da miskinai goma."

Sammani ya yi wani murmushi mai ciwo, ya nuna hular rumbun da ke jingine.

"Da mi?"

"Da gerona," in ji Hajjo. "Matan ƙauye ba su biya na da kuɗi. Wadda tas sayi tukunya, ta cika ta da hatsi ta juye mani. Ina da shi cikin randuna. Ka aiko ɗanka shi ɗauka, ka ciyar, abin da ya saura ku ci. Ba rance ba na, kuma ba don kai ba. Don yarinyar da nib baro tana kuka tana cewa yaro shi bi ubanshi."

Idon Sammani ya ciko. Ya sa gefen rawaninsa ya danne.

"Inna, kin ɗaure ni."

"Ban gama ba. Gero na iya warware rantsuwarka, amma ba ya wanke sunan jikata. Ka ce duk abin da ya ɓaci ita za a ce, kuma gaskiya kah hwaɗi. Ba ta shigowa garin ga ana nuna ta da baki. Wanda ya shahwa mata baƙin, shi za shi goge, gaban waɗanda ya shahwa a gabansu."

Ta juya ta dubi maƙwabtan ɗaya bayan ɗaya.

"Dalhatu yac ce Isa kowa ya san ina tohi cikin yumɓu. To, shi kawo mutum guda. Shi hwaɗi ran da yag gani. Kuma ku tambaye shi mi ya kai shi gidana jiya, mota guda da buhun ga, da goro, yana neman a ba shi yarinyar da yac ce muku mai asiri ta. In tsoron ta a ka yi, shi mi ya hana shi tsoro?"

Surutu ya tashi a kan tabarma. Liman ya dubi Sammani, Sammani ya dubi ɗansa.

"Ya je neman ta?"

"Da shadda mai sitaci," in ji Hajjo. "Shagonshi na nan bakin tasha, ba Makka ba ta. Ƙahwata ba ta barin ƙohwar gidan ga, ko ruwanku ba ni sha, sai ya zo ya tsuguna nan ya amsa. Sammani, kai ka saurare shi ran nan, kai za ka kira shi yau. Aika a zo da shi."